Adon gilashin taga: Yadda za a samu haske da sirri ba tare da shigo da dalma gida ba

A sababbin unguwannin biranen Arewa filaye sun ƙanƙance, gidaje sun matsu da juna, har tagar wani kan kalli tsakar gidan wani, ko ta buɗe kai tsaye a kan layin da jama'a ke wucewa. Abin da ke biyo baya sananne ne. Maigida ya kashe kuɗi ya sa faffaɗar tagar alminiyom mai gilashi don haske da iska, uwargida kuma ta rataya mata labule mai kauri wanda ba a ɗagawa daga safe har dare. Ɗaki ya yi duhu da rana tsaka, in akwai wuta a kunna ƙwai, in babu a zauna a haka.

Akwai mafita mai sauƙin kuɗi, wato a ƙawata gilashin kansa yadda haske zai shigo amma ido ba zai ratsa ba. Salon da ya fi ɗaukar hankali shi ne wanda ake zana baƙaƙen layuka masu tudu a kan gilashin, a raba shi gida-gida, sannan a cike kowane gida da launi. Daga nesa sai a ɗauka ƙananan gilasai ne masu launi aka harhaɗa, irin na tsofaffin majami'un Turai, alhali gilashi ɗaya ne aka yi wa kwalliya.

Sai dai wannan ado yana da wata alaƙa da ya kamata a sani kafin a shiga kasuwa. Layukan da ake kwaikwayo, a asalinsu, dalma ce, kuma har yau wasu daga cikin kayan da ake sayarwa don yin aikin a gida dalma ce ta gaske. Za a iya samun kamannin ba tare da ita ba, kuma ga gidan da ke da ƙananan yara wannan shi ne zaɓin da ya dace.

Inda kamannin ya samo asali

Masu aikin gilashi na da ba don ado suka fara amfani da dalma ba, dole ce ta sa. A wancan zamani ba a iya yin faffaɗan gilashi, sai ƙanana, don da baki ake hura shi sannan a shimfiɗa. Duk wanda ke son rufe babbar taga sai ya haɗa gutsattsari da yawa, kuma yana buƙatar abin da zai riƙe su. Dalma ta dace da aikin saboda tana da taushi, ana lanƙwasa ta da hannu, tana narkewa a zafin da bai wuce digiri 327 a ma'aunin salshiyos ba, kuma ba ta tsatsa kamar baƙin ƙarfe. Ana yin ta siraran sanduna masu kwarmi a gefe biyu, gilashi ya shiga ta nan, wani ya shiga ta can, a narka mahaɗar a liƙe.

Launin kuwa a cikin gilashin yake tun daga tukunyar narki. Sinadarin kobalt ke ba da shuɗi, jan ƙarfe na ba da ja ko kore gwargwadon yadda aka sarrafa shi. Shi ya sa tagogin annabawa na babbar majami'ar Augsburg da ke Jamus, waɗanda suka haura shekara 850, har yau launinsu na nan. A majami'ar Chartres ta Faransa akwai tagogi kusan 176, yawancinsu na farkon ƙarni na 13, waɗanda aka ciccire aka ɓoye a 1939 don gudun bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu. Gidajen talakawan Ingila ma sun yi amfani da dabarar, amma da farin gilashi, ana yanka shi ƙanana masu siffar lu'ulu'u.

Dolen ta ragu a hankali yayin da masana'antu suka ƙware wajen yin manyan gilasai, ta kuma ƙare baki ɗaya bayan 1959, shekarar da kamfanin Pilkington na Ingila ya bayyana dabarar zuba narkakken gilashi a kan narkakkiyar kuza, ya fito sumul, faffaɗa, mai araha. Kusan duk gilashin taga da ake yankawa a kasuwanninmu yau ta wannan hanya aka yi shi. Tun daga nan layin dalma ya koma kwalliya zalla, kuma abin da yake kwalliya ce kawai ana iya yin sa da wani abu daban.

Hasali ma ƙasashen Musulmi sun daɗe suna yin tagogi masu launi ba tare da dalma ba. A tsohon birnin Sana'a na Yaman, da tsofaffin masallatan Alƙahira, ana yin tagar da ake kira ƙamariyya, sunan da ya fito daga kalmar Larabci ta wata. Ana sassaƙa farar ƙasar jibsin, irin wadda ake silin POP da ita, a huda mata zane, a toshe kowace huda da gilashi mai launi. A masallacin Nasir al-Mulk na birnin Shiraz a Iran, wanda aka gina tsakanin 1876 da 1888, katako ne ke riƙe da gilasan da ke zuba launuka a kan darduma da hantsi. Manufar tagogin nan ita ce dai tamu: haske ya shigo a tausashe, na waje kuma kada ya ga na ciki.

Hanyoyi uku da ake bi a gida

Hanya ta farko ita ce ledar ado mai mannewa, wadda ke zuwa a naɗe da zanenta da launinta. Wata tana da gam a baya, wata kuma da ruwa kawai take kama gilashi, ana iya ɓare ta a sake mannawa. Ita ce mafi sauri, kuma ta fi dacewa da ɗan haya. Aibinta shi ne layukan bugawa aka yi, ba su da tudu, kuma zanen ba lallai ya dace da girman tagar ba.

Ta biyu ita ce zana layukan da wani kakkauran fenti mai fitowa daga bakin kwalba ko bututu, ya bushe da tudu kamar igiya. Kamfanoni irin su Plaid mai Gallery Glass da Pebeo na Faransa suna yin irinsa. Wasu kan kira shi ruwan dalma saboda kamanninsa, amma na ruwa da ake sayarwa don wannan aiki akirilik ne. Wanda bai samu ba yana iya haɗa nasa da farin gam na kafintoci, irin Top Bond, da ɗan baƙin fentin akirilik.

Ta uku ita ce siririn zaren dalma mai gam a baya, wanda ake sayarwa a naɗe kamar salatif, faɗinsa daga milimita 3 zuwa 12. Ana yanka shi, a manna a kan gilashi, a danne. Shi ya fi kama da na asali, don kuwa na asalin ne ta fuskar ƙarfe. A nan ne ake buƙatar tsayawa a yi tunani.

Me ya sa ake gudun dalmar?

Ba sai an yi wa mutumin Arewa dogon bayani a kan gubar dalma ba. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano yara na mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, irin su Dareta da Yargalma, inda ake niƙa duwatsun zinare masu ɗauke da dalma a cikin gidaje. Yara aƙalla 400 ne suka rasu, dubbai kuma suka buƙaci magani. A 2015 irin hakan ta sake faruwa a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, inda yara 28 suka rasu.

Gaskiya ne cewa zaren dalma a jikin taga bai kai ƙurar dutsen da ake niƙawa a tsakar gida haɗari ba, ko kusa. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jiki da aka san ba ya cutarwa, kuma jikin ƙaramin yaro yana tsotse ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba ke tsotsewa daga dalmar da aka haɗiye. Ƙaramin adadi ba ya kwantar da yaro, ba a ganin alamarsa, amma yana taɓa ƙwaƙwalwa, ya rage kaifin fahimta, kuma illar ba ta gyaruwa. Mai juna biyu ma tana iya miƙa ta ga ɗan da ke cikinta.

Zaren dalma yana barin baƙi-baƙi a yatsun wanda ya taɓa shi. Da tafiya ta yi nisa yakan dushe, wani lokaci ya fitar da farin gari a samansa. Zafin rana kan sassauta gam ɗin, bakin zaren ya ɗago. Tagogin zamani kuma ƙasa-ƙasa ake yin su, daidai inda yaro mai rarrafe ko mai koyon tafiya ke dafawa, kuma kowa ya san duk abin da hannun yaro ya taɓa, baki zai nufa. Ga kuma gutsattsarin da ke zuba a ƙasa lokacin yanka.

Wanda ya riga ya manna shi, ko ya tarar da shi a gidan da ya kama, kada ya goge shi da sanfefa ko busasshen tsumma, kada kuma ya kusantar da wuta gare shi. Jiƙaƙƙen tsumma ake sa wa, a zubar da tsumman, a wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci. In tagar a ɗakin yara take ko kicin, cire shi ya fi, a ƙulle a leda a kai inda yara ba sa tonawa.

Fenti ma sai an duba. An daɗe ana sa sinadaran dalma a fentin mai, musamman rawaya da ja da ruwan lemo, wato launukan da mai adon taga ya fi so. Amurka ta hana irin wannan fenti a gidaje tun 1978, kuma iyakar da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ke ba ƙasashe shawara a kai ita ce kashi 90 cikin miliyan. Don haka a guji ragowar fentin mai ko fentin mota da aka ɗura a kwalba babu suna babu bayani. A nemi fentin gilashi ko akirilik na ruwa a cikin mazubinsa na kamfani, a karanta abin da aka rubuta a jiki.

Yadda ake aikin

Kayan da ake buƙata ba su da yawa: kwali ko babbar takarda, alƙalamin maka, salatif, reza, tsinken sakace, ƙaramin buroshi, fentin layi, da launuka.

Da farko a auna gilashin, a yanka takarda daidai girmansa, a zana abin da ake so a kanta da layi mai kauri. Mai farawa ya zaɓi zane mai manyan gidaje, kada su yi ƙanƙanta har buroshi ya kasa shiga. A tabbata kowane gida a rufe yake ta ko'ina, don duk inda layi ya yanke nan launi zai tsallaka zuwa maƙwabcinsa.

Sai wankin gilashi, wanda shi ne matakin da aka fi raina wa alhali shi ke sa aiki ya daɗe. A wanke da ruwa da sabulu, a bari ya bushe, a bi shi da sifirit don cire maiƙo da shatin yatsu. A liƙa takardar ta bayan gilashin, a yi zanen ta fuskar da ke kallon cikin ɗaki, inda ruwan sama da ƙura ba za su same shi ba.

Aiki ya fi kyau idan gilashin a kwance yake. Ƙyauren tagar alminiyom mai turawa yana ɗaguwa ya fita daga layinsa, kuma mai aikin alminiyom zai cire shi cikin 'yan mintuna. Gilasan tagar luba ma ana zare su ɗaya bayan ɗaya, sai dai a yi musu lamba don zanen ya haɗu idan an mayar. In gilashin ba ya fita, akwai dabara: a shimfiɗa leda mai santsi a kan tebur, a matsa dogayen layuka a kanta, su kwana su bushe, sannan a ɓare su, a yanka, a jera a kan gilashin bisa zanen, a ɗiga ɗanyen fenti a kowace mahaɗa.

Wajen jan layi, ba a goga bakin kwalbar a jikin gilashi. Ana ɗaga shi kaɗan, a matsa daidai wa daida, layin ya riƙa sauka da kansa. Inda ya karkace a bar shi ya bushe tukuna, sannan a gyara da reza. Goge ɗanyen layi ɓata aiki yake yi. A bar layukan su kwana kafin a zuba launi.

Launi ana fara shi daga jikin layi, a zagaye gidan, sannan a cike tsakiya, a baza da tsinke, a fasa duk kumfar da ta taso. Fentin gilashi na ruwa da farin gam duk sukan yi kamar madara idan suna ɗanye, sai sun bushe suke washewa, don haka kada a yi saurin yanke hukunci. A ba aikin kwana ɗaya zuwa biyu kafin a tayar da gilashin tsaye. Masu haɗa gam da kalar abinci su sani cewa launin yana da kyau a makon farko, amma rana na cinye shi da wuri.

Ita kuwa ledar ado, ana fesa wa gilashin ruwa mai ɗigon sabulu, a ɗora ta, a daidaita, a kore ruwan da iska daga tsakiya zuwa gefe da tsohon katin banki da aka naɗe da ƙyalle. A yanka ta ta rage milimita 2 ko 3 daga jikin firam, don kada bakinta ya ɗago.

Rana, ƙura da damina

Yawancin kayan nan an yi su ne da yanayin Turai da Amurka a zuciya, don haka sai an yi la'akari da namu. A lokacin hunturu iska a bushe take, fenti na yin fata kafin a gama baza shi, ƙura kuma na sauka a kan ɗanyen aiki ta zauna har abada. A yi aikin a rufaffen ɗaki, a yayyafa ruwa a ƙasa kafin a fara, a kashe fanka, a kifa babban kwali ko faranti a kan gilashin yayin da yake bushewa. Da bazara kuma a yi da sassafe, kada a taɓa zuba fenti a kan gilashin da rana ta gasa.

Farin gam ba ya shiri da ruwa. Laima na sa shi ya yi fari ya yi laushi, saboda haka bai dace da tagar banɗaki ko ta kusa da murhu ba. A nan leda ko fentin gilashi na kamfani ya fi.

Akwai kuma batun tsagewa. Launi mai duhu yana tara zafi. Idan wani sashe na gilashi ya yi zafi sosai, wani sashen kuma yana cikin inuwar firam ko ƙarfen tsaro, bambancin na iya tsaga shi, musamman in bakinsa na da ɗan ɓalli tun wajen yanka. Tagogin gabas da yamma su suka fi shan rana kai tsaye. A kansu a yawaita launuka masu haske, a bar masu duhu ga ƙananan gidaje.

Launi kaɗai ba ya rufe ɗaki

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar cewa da zarar gilashi ya yi launi, an samu sirri. Jan gilashi mai sheƙi ana ganin mutum ta cikinsa sarai, ja kawai zai koma. Abin da ke hana gani shi ne hazo ko gargada a fuskar gilashin, wanda ke tarwatsa haske. Ana samun sa ta hanyar daddanna ɗanyen fenti da soso ko bakin buroshi, ko a sa fenti marar launi mai hazo a manyan gidajen zanen.

Haka nan gilashin nan mai kama da madubi da ya cika sababbin gidaje, da rana kawai yake rufewa. Da dare, idan an kunna wuta a ciki waje kuma ya yi duhu, lamarin juyawa yake yi: na waje na kallon na ciki, na ciki na kallon kansa. Mai irin wannan gilashi ya kuma kiyaye da reza, don tana iya kankare shafin da ke fuskarsa.

Gwajin ba shi da wuya. A yi samfuri a kan guntun gilashi, wanda masu yankan gilashi ke da shi tuli, a jingina shi a tagar bayan magariba, a kunna wuta, wani ya tsaya a ciki, wani ya fita waje ya duba. Sau da yawa ba sai an rufe tagar duka ba. Kashi biyu cikin uku na ƙasa ya isa, saman a bar shi fari haske ya wuce.

Zane da hannu duk muna da su

Ba sai an kwaikwayi furannin Turai ba. Wannan ado layi da gida yake so, kuma zanen Hausa a kansu aka gina shi. Dagi, da zayyanar da ke fuskar Fadar Zazzau da tsofaffin gidajen unguwar Birni a Damagaram, da aska biyu da aska takwas na babbar riga, da zanen hula da na faifai, duk suna zama daram a kan gilashi. Kuma da yake babu siffar mai rai a cikinsu, sun dace da gidan da ake kauce wa hotuna, sun dace da tagar masallaci da ta makarantar Islamiyya.

Hannun da aikin ke buƙata ma yana nan a kusan kowace unguwa. Matsa fenti daga siririn baki, a ja layi mai kauri ɗaya ba tare da rawar hannu ba, shi ne abin da mai zanen lalle ke yi a hannun amarya, a kan fata mai motsi ma ba gilashi mai zama wuri ɗaya ba. Ledar da take naɗewa ta zuba lalle za ta ɗauki haɗin gam da fenti. Ga mai wannan sana'a, wadda kasuwarta ke tashi da sallah da lokacin bukukuwa ta kwanta a sauran watanni, gilashin taga da na ƙofar kabad da madubin amarya wata ƙofa ce ta samu.

Ɗan haya ya nemi izinin mai gida kafin ya fara, ko ya tsaya ga abin da ke ɓaruwa. Fentin ruwa da gam suna fita daga gilashi da reza da ruwan ɗumi, amma a kan roba mai kama da gilashi sukan kama sosai. Mai sayen kaya kuma, musamman ta intanet, ya yi wa mai sayarwa tambaya ɗaya kafin ya biya: wannan layin fenti ne ko ƙarfe? In ƙarfe ne mai nauyi, mai taushi, mai barin toka-toka idan an goga shi a takarda, to dalma ce, a bar masa kayansa.